Zan iya sauya wa Raspberry Pi ɗina babbar manhaja ba tare da na lalata shi ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Raspberry Pi 4, 'yar ƙaramar kwamfutar nan mai allo ɗaya, da nake koyon rubuta manhaja da shi, kuma Raspberry Pi OS ce a kai tun da na saya. Na ji ana cewa akwai wasu manyan manhajoji da ba Linux ba waɗanda ke aiki a kansa, irin su RISC OS da FreeBSD. Ina sha'awar gwadawa, amma ina tsoron kada in kashe na'urar, don da ƙyar na tara kuɗinta. Wacce za ka ba ni shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, gwajin nan ba ya kashe na'ura. Babbar manhajar Raspberry Pi duk tana zaune ne a kan ɗan katin memorin da kake sokawa a ƙasansa. Sayi kati na biyu, ka zare na yanzu ka adana shi. Ranar da sabuwar manhajar ta ishe ka, ka mayar da tsohon katin, ka tarar da aikinka yadda ka bar shi. Abu ɗaya kawai zan ce ka bari: ƙaramar manhajar kunnawa da ke cikin EEPROM, wato ɗan ma'ajin dindindin na Pi 4. Ita ce ke zaune a jikin allon, kuma gwajinka ba ya bukatar taɓa ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa babbar manhaja ta iya sarrafa sassan na'ura. Injiniyoyin Raspberry Pi da ke Kambirij a Ingila suna rubuta direbobin kyamara, Wi-Fi da sashen hoto ne don Linux, wadda a kanta aka gina Raspberry Pi OS. Shi ya sa Ubuntu, DietPi da LibreELEC ke hawa ba wahala, dukansu 'yan gida ɗaya ne. Da ka fita daga Linux, abin da masu sa kai suka samu lokacin rubutawa kaɗai za ka samu. Saboda haka kafin ka sauke komai, ka tambayi kanka wane ɓangare na allon kake amfani da shi kullum.

Ni dai RISC OS zan ce ka fara da ita, domin babu manhajar da ta fi ta dangantaka da wannan allo. Kamfanin Acorn na Kambirij ne ya ƙirƙiro injin ARM, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa lissafin kwamfuta, a 1985, da hannun Sophie Wilson da Steve Furber, kuma kamfanin ne ya fitar da wannan manhaja a 1987 da sunan Arthur, kafin ta koma RISC OS. Jikan wancan injin ne ke cikin Pi ɗinka. Tun 2018 aka buɗe lambobinta ga kowa, kuma tana cikin jerin da Raspberry Pi Imager, manhajar ɗora babbar manhaja a kati, ke nunawa, don haka ɗora ta a kati ba wani aiki ba ne.

Za ka ga ta tashi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai hannunka zai yi baƙunta. Linzami mai maɓalli uku take so, kuma na tsakiya ne ke buɗe jerin umarni a duk inda ka danna. Manhaja a wurinta jaka ce kawai mai suna da ya fara da alamar motsin rai, kamar !Draw ko !Edit, kana iya buɗe cikinta ka ga kayan da aka haɗa ta da su. In za ka adana fayil, hotonsa za ka ja da linzami ka sauke a jakar da kake so. Abin da ya fi burge ni ga mai koyo irinka shi ne danna F12, ka rubuta BASIC, nan take kana cikin BBC BASIC, wanda har yana ba ka damar rubuta umarnin injin ARM kai tsaye a cikin shirinka. Samun wurin da ɗalibi zai kusanci injin haka da sauƙi yana da wuya a yau.

Tana da nata rauni, kuma ba ƙarami ba. Cikin ƙwaƙwalwa huɗu na Pi 4, ɗaya kawai take amfani da ita. Manhajoji ne ke miƙa wa juna lokaci bisa yarda, don haka in ɗaya ta maƙale, tana iya riƙe na'urar gaba ɗaya. Burauzarta NetSurf ba za ta iya da manyan shafukan zamani irin su Facebook ba. Kuma ba ta aiki a Pi 5, saboda manhajar bit 32 ce.

FreeBSD kuwa ta mai son kafa saba ce, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima, ko mai son sanin Unix, tsohuwar babbar manhajar da Linux ta kwaikwaya, daga tushe. Tun fitowar 13.0 a 2021 ta sa ARM mai bit 64 a sahun farko na injinan da take kula da su. Baƙin allo da rubutu za ka tarar, ba tagogi. Ka tanadi wayar intanet ta Ethernet, kada ka dogara da Wi-Fi na jikin allon, kuma ka sauya kalmomin sirrin da ta zo da su tun ranar farko. In aikinka na kyamara ne ko ka saba da shiryayyun lambobin yaren Python na sarrafa GPIO, wato fil-fil ɗin jikin allon da ake jona na'urori, zauna a kan Raspberry Pi OS don wannan aikin.

Abin da ke cinye kati a wajenmu ɗauke wuta ne ana tsakiyar rubutu. Samo caja mai ba da volt 5 da amfiya 3, in da hali ka bi ta batirin ajiya, kuma ka riƙa kashe na'urar ta umarni kafin ka zare waya. Allah Ya ba da sa'a.