Filin Shari'ar Iyali: Surukata ta hana ni ganin jikokina

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya rasu shekara biyu ke nan, ya bar yara biyu, namiji mai shekara tara da mace mai huɗu. Matarsa ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da su, bara kuma ta yi sabon aure a Tafo. Tun daga nan ko a waya ba a haɗa ni da yaran. Ƙannen marigayin sun ce mu tare su a makaranta mu ɗauko abinmu. Dokar Gana ta ba ni ikon karɓar su? Daga wata kaka, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya jiƙan ɗanki, ya raya abin da ya bari. Kafin komai, ki tsawata wa ƙannen nan. Sashe na 46 na Dokar Yara ta 1998, wato doka mai lamba 560, ya haramta ƙwace yaro daga hannun wanda ke riƙe da shi bisa doka, kuma uwa ita ce ta farko a wannan sahu bayan rasuwar uba. Hukuncin tara ne ko ɗaurin da ya kai wata shida. Ko ba a ɗaure kowa ba, ranar da kuka tsaya gaban alƙali wannan ɗaukar ita za a fara karanta muku.

Tambayarki ta haɗa abu biyu da doka ta raba: riƙo da ziyara. Sashe na 43 ya ba iyaye, dangi, ko duk wanda ke renon yaro damar neman riƙo a Kotun Iyali. Sashe na 44 kuma ya ba su damar neman a riƙa ba su ganin yaron lokaci zuwa lokaci. Kaka tana cikin dangi, saboda haka ƙofofin biyu a buɗe suke gare ki. Sai dai damar shigar da ƙara daban, samun abin da aka nema daban.

A kan riƙo, ba za mu ɓoye miki ba, da wuya ki ci. Sashe na 45 ya ce kotu ta duba maslahar yaro, da muhimmancin ƙaramin yaro ya zauna da uwarsa, da shekarunsa, da ra'ayinsa idan ba cusa masa aka yi ba. Ya ce an fi son yaro a hannun iyayensa sai in ana ta tauye masa haƙƙi, an fi son kada a raba 'yan uwa, kuma kada a riƙa tsinke masa reno. Jera waɗannan a kan yarinya mai shekara huɗu da ba ta taɓa rabuwa da uwarta ba, za ki ga inda ma'auni ya karkata. Kada kuma a ce a ba ki namijin a bar mata macen, wannan rabon ne kotu ke gudu.

Mun san abin da za a faɗa miki a Zango: ai ta yi aure, renonta ya faɗi. Gaskiya ne malaman Malikiyya sun ce uwa na rasa reno idan ta tare a gidan wanda ba muharramin yaron ba. Amma a ƙarasa karatun: bayan uwa, kakar wajen uwa ce ke biye, sannan 'yar uwar uwa, kafin layi ya iso kan kakar wajen uba. Kotun Iyali kuwa ba ta ɗaukar sabon aure shi kaɗai a matsayin dalili. Abin da ke juya shari'a shi ne hujja: duka, yunwa, cire yaro daga makaranta, tura shi talla har dare. In akwai irin wannan, a kai rahoto ofishin 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin iyali, ko Ma'aikatar Walwalar Jama'a, a samu takardar asibiti. "An ce" ba ta shiga kotu.

Ziyara ce hanyarki. Ki fara da tura liman ko wani dattijo da gidajen biyu ke jin nauyinsa, kuma a je wurin iyayen surukarki da mijinta, don sau da yawa ba ita ke rufe ƙofar ba. A rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. In sulhun ya ƙi, ki je ofishin Walwalar Jama'a na ƙaramar hukumarku, za su gayyace ta su zaunar da ku. Daga nan ne sai Kotun Iyali, wadda ke zama a kotun gunduma. Ba ta da tsaurin sauran kotuna: shugaba ne da mutum biyu zuwa huɗu, cikinsu har da jami'in walwala, kuma doka ta ce bincike za a yi, ba ja-in-ja ba. In kuɗin lauya ya gagara, Hukumar Legal Aid, mai taimaka wa marasa ƙarfi a shari'a, na da ofis a Kumasi.

Ki tafi da takardar shaidar rasuwar ɗanki, kwafin takardun haihuwar yaran in kina da su, da duk rasit ko saƙon kuɗin waya da ke nuna kin biya kuɗin makaranta ko magani. Inda kakanni ke yin kuskure shi ne su ce "a bar ni in riƙa ganin su" su yi shiru. Ki yanka rana: Asabar biyu a wata daga tara na safe zuwa biyar na yamma, kwana biyu a kowace Sallah, waya ranar Juma'a, da sunan mai ɗauko su da mai mayarwa. Umarnin da ba shi da rana da awa, babu yadda za a ce an karya shi.

Kotu kan tura jami'in walwala ya duba gidajen biyu ya kuma ji ta bakin yaran. Ɗan shekara tara zai faɗi abin da ya ji ana cewa game da uwarsa a tsakar gidanki. Maganar gado kuma a ajiye ta gefe, tana ƙarƙashin dokar 111 ta 1985, kuma riƙe kason yaran don a matsa wa uwarsu zai ɓata miki shari'ar ziyarar.