Tambaya da Amsa: Ƙawata Falo da Kayan Sassaƙa a Legas

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Agege ce. Maigidana ya tara kayan sassaƙa da dama daga kasuwar Lekki, amma suna nan jibge cikin kwali, wasu har sun fara fumfuna, ga shi kuma ina shakkar ajiye masu siffar mutum. Mece ce shawararku?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. A fara fito da su daga kwalin nan tun yau, domin danshin Legas, musamman daga Afrilu zuwa Oktoba, shi ne babban abokin gabar katako. A goge fumfunar da busasshen tsumma, a shanya su a inuwa inda iska ke kaɗawa, sannan a shafa musu kakin zuma kaɗan. Kada a wanke su da ruwa, kada kuma a jingina su da bangon da ke tsattsafo ko a ajiye su daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, saboda katakon da ya sha laima idan ya bushe farat ɗaya tsagewa yake yi. Duk wanda kika ga ɗan gari kamar tsaki yana zuba a ƙarƙashinsa, ƙwaro ne ke cinsa ta ciki, sai a ware shi nan take kafin ya shafi sauran.

Batun masu siffar mutum ko dabba kuwa, shakkarki tana da tushe, tun da akwai hadisai a kai, kuma malaminku ne ya fi dacewa ya yi muku bayani. Sai dai a ganinmu falo bai rasa komai ba idan babu su. Kujerar Nufawa mai ƙafafu da yawa, wadda ake sassaƙawa daga gungume ɗaya, da farantin tagulla na Bida, da akushi, da ƙwarya mai zane, galibin adonsu layuka ne da da'irori, kuma kyansu ba ya boyuwa. Abu uku ko huɗu a kan kanta, kowanne da sarari a gefensa, sun fi ashirin a cunkushe, kuma farin bango ya fi fito da baƙin katako.

Akwai abin da muke so maigida ya kiyaye. Idan mai sayarwa ya rantse cewa kayansa tsoho ne, na Nok (tsohuwar al'ummar da aka tono gumakanta na yumɓu a kudancin Kaduna) ko na fadar Benin, to ko dai jabu ne, ko kuma cinikin ya saɓa wa doka, domin dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba, har da waɗanda aka ƙera kafin 1918. Gara ya sayi sabon aiki daga hannun masassaƙin da ke raye. Kafin nan, ku ziyarci gidan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957, ku ga yadda ake jera irin waɗannan kaya da yadda ake haska su.