Zuwa ga Habu, kan bindigar da yake son saya tun bai taka Amurka ba

Habu, saƙonka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe. Ka gaida min Yaya da Inna da duk mutanen gida. Ka ce makaranta ta ba ka gurbi, kana jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci. Ba ka tambaye ni kuɗin haya ba, ba ka tambayi yadda sanyin nan yake ba. Abin da ya dame ka shi ne idan ka zo kana son bindigar farauta marar nauyi, irin wadda ake hawa dutse da ita, in zaɓa maka tsakanin harsashin .308 Winchester da na .300 Winchester Magnum mai yawan albarushi, tunda a bidiyon da kake kallo kowa magnum yake yabo. Zan amsa maka a nan inda kowa zai gani, domin tun da hotona da wannan babbar dabba da ake kira elk ya zaga ƙauyukan Gwaram, yara suke ta aiko min da tambaya iri ɗaya, kuma na gaji da maimaitawa.

Ban ga laifinka ba don kana son farauta. Gado ne. Da bindigar adaka kakanka ya riƙa shigo da gada da zabi gidanmu, har Sarkin Baka yana aikowa a kira shi idan za a fita babbar farauta. Amma sai ka ji abin da bidiyo ba ya faɗa tukuna.

Dokar tarayyar Amurka ta hana wanda ya shigo da bizar zaman wucin gadi, har da bizar karatu, riƙe bindiga ko harsashi. Riƙewa na ce, ba saye kaɗai ba. Ko wani abokin karatunka ya ja ka filin koyon harbi ya miƙa maka tasa ka gwada, kana iya faɗawa cikin laifin da ake ɗaure mutum shekaru a kansa, a soke bizarsa, a mayar da shi gida. Akwai ƙofa, ita ce ka mallaki lasisin farauta mai aiki na wata jiha. Kafin a ba ka wannan lasisi a nan Kolorado, duk wanda aka haifa daga 1949 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin koyon ƙa'idojin farauta ya ci jarrabawa. Bindigar kuwa, sai ka kai shekara 21 a sayar maka, sai an bincike ka, sai ka jira kwana 3 kafin a damƙa maka. Ɗakin kwanan ɗalibai kuwa ba wurin ajiye bindiga ba ne. Ranar da na fara shiga kantin bindiga da takarduna cikakku, mai kantin ya dubi sunana, ya dubi fuskata, ya bar ni tsaye yana sallamar waɗanda suka zo bayana. Har yau abin yana min ciwo, kuma a lokacin ina da takardar zama ta dindindin. Kai da za ka zo da bizar ɗalibi sai ka ninka hattara.

Ga kuma kuɗi. Bizarka sa'a 20 kawai ta yarda ka yi aiki a mako lokacin karatu, a cikin makaranta. Takardar izinin harbin namijin elk guda ɗaya, idan a matsayin baƙo aka lissafa ka, ta haura dala 700, alhali ɗan jiha bai kai dala 100 yake biya ba. Ban da takalmi, da rigar sanyi, da rigar nan mai ruwan lemo da doka ta wajabta don kada wani maharbi ya ɗauke ka dabba, da man mota. Ni sai da na yi shekaru ina aikin dare, ina aika na gida, kafin na sayi bindigata ta farko. Mutanen gida hoton nama suke gani, kallon kitse suke yi wa rogo.

To, ga amsar tambayarka. Idan bindigar marar nauyi ce, ka ɗauki harsashi na gama-gari, ka ƙyale magnum. Ni .308 nake riƙewa, kuma da ita na cika firjina da nama shekara bayan shekara.

Ka fara sanin cewa ƙwayar da ke fita daga bakin bindigogin nan biyu faɗinta ɗaya ne, kusan milimita 7.8. Kana iya ɗora ƙwaya iri guda, mai nauyin giram 11 da ɗoriya, a kan kowanne. Bambancin yana cikin kwanson da albarushin da ke bayanta. Na .308, wanda ya fito a 1952, yana cin kusan giram 3 na albarushi, ya tura ƙwayar da gudun mita 800 a daƙiƙa. Na .300 Winchester Magnum, wanda ya fito a 1963, yana cin kusan giram 5, ya tura ta wajen mita 900. Ka ga an ƙara albarushi fiye da rabi, gudun da aka samu ƙari bai wuce kashi ɗaya cikin takwas ba. Sauran ƙarfin ina ya tafi? Ya tafi a ƙara, da wuta a bakin bindiga, da zafin ƙarfe, da kafaɗarka.

Kafaɗar nan ita ce maganar gaba ɗaya. Duk abin da ya tura ƙwaya gaba yana tura bindiga baya, kuma nauyin bindigar ne yake shanye dukan kafin ya iso jikinka. Idan ka rage nauyinta daga kilo 4 zuwa kilo 3, dukan yana ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku, ko da harsashin bai canza ba. Idan kuma a bindiga mai nauyi ɗaya ka cire .308 ka sa magnum, dukan yana ƙaruwa da kusan kashi biyu cikin uku. Haɗa biyun ka gani. Waɗanda kake kallo a bidiyo suna harba magnum suna murmushi, ka lura da kyau, yawancinsu a kan tebur suke, da bindiga mai nauyi, ko da wani ƙarfe mai huji-huji a bakinta da ke rage duka. Wannan ƙarfe yana aiki, amma ƙarar da yake watsowa gefe tana lalata kunne, naka da na wanda ke tsaye kusa da kai, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Za ka ce kai namiji ne, ka saba da sanda da garma, duka ba zai ba ka tsoro ba. Ba maganar jarumta ba ce, ɗana. Jiki ne yake koyon abinsa ba tare da ya shawarce ka ba. Bindiga ta doke ka yau, ta doke ka gobe, madubin saiti ya taɓa fasa maka gira, sai jikinka ya fara shirin dukan tun kafin ya zo: ido ya runtse, kafaɗa ta tura gaba, yatsa ya fizge kunama maimakon ya matsa ta a hankali. Kai ba za ka sani ba, za ka rantse saitinka daidai yake. Yadda ake gane shi a nan, wani ne zai ɗura maka bindigar kana juya baya, wani lokaci ya sa harsashi, wani lokaci ya bar ta wayam. Ranar da ka ja kunama babu komai a ciki, ka ga bakin bindigar ya duƙa ƙasa, to ciwon ya kama ka. Na ga ƙarti masu faɗin ƙirji da wannan ya kama. Maganinsa yawan gwaji, kuma wa zai yawaita gwaji da bindigar da ke azabtar da shi, wadda kuma harsashinta ya fi tsada? Siririn bututun bindiga marar nauyi ma, harbi uku na magnum ya isa ya ɗau zafi, sai ka zauna jira ya huce.

Akwai shekarar da na bi wasu abokan aikina daji. Ɗayansu ya zo da sabuwar magnum mai sauƙi kamar ba ƙarfe ba, yana ta nuna ta. Da ya ga tawa sai ya ce ai wannan ta yara ce, ya kuma tambaye ni ko a Afirka mun taɓa ganin bindiga. Na yi shiru. Da safe elk ya fito masa a tazarar da ba ta kai mita 200 ba, yana tsaye a gicciye, ya harba ya same shi a ciki, can baya. Dabbar ta shige kurmi. Su duka suka tsaya suna duba waya. Ni na sunkuya na bi sawu yadda kakanka ya koya mana a dajin gida, ɗigon jini a ganye, ciyawar da ta kwanta, inda kofato ya ja ƙasa. Sai bayan la'asar muka tarar da shi kwance yana numfashi da ƙyar, na ƙarasa shi. Wunin nan da dabbar ta yi tana jan hanji bai bar raina ba. Mu da aka koya wa ambaton sunan Allah kafin mu saki harbi, aka ce idan mun riski dabba da rai mu gaggauta yanka ta, aka hana mu azabtar da ita, ba mu da hujjar ɗaukar makamin da ba mu iya sarrafawa don a ce mun riƙe babba. Tun daga ranar babu wanda ya sake raina .308 a gabana, kuma su suke kirana idan lokaci ya zagayo.

Elk babba ne, namijinsa ya kai kilo 300, ya yi gwanki ko ya fi shi. Amma wurin da ake nema, huhu da zuciya a bayan kafaɗa, faɗinsa kamar faifai ne. Ƙwaya mai kyau ta .308 da ta shiga nan ta gama aiki. Ta magnum da ta shiga tumbi ba ta gama komai ba. A tazarar mita 300, bambancin yadda ƙwayoyin biyu suke sunkuyawa ƙasa bai wuce inci 2 zuwa 3 ba, kuma yawancin dabbobin da na ga an kayar ba su kai wannan nisa ba.

Wani abin da masu talla ba sa faɗa: magnum tana son dogon bututu, inci 24 zuwa 26, kafin albarushinta ya gama ci. Mai ƙera bindiga marar nauyi kuwa gajarta bututu yake yi. Idan aka yanke shi zuwa inci 20 ko 22, gudun da ka biya kuɗi dominsa ya ragu ya kusanci na .30-06, harsashin da ake amfani da shi tun 1906, amma ƙara da wuta suna nan, har sun ƙaru. Ita .308 kwansonta gajere ne, don haka cikin bindigar ma gajere ne, inci 20 ya ishe ta, tana cin harsashi huɗu ko biyar inda magnum ke cin uku. Idan kana hawa dutsen da ya kai mita 3,000, iska ta yi ƙaranci, ƙanƙara ta kai gwiwa, kowane rabin kilo sai ka ji shi a cinyarka.

Ba na ce magnum banza ce ba. Wanda zai je Alaska inda manyan beyar suke, ko gwanin da ya daɗe yana harbi a fili mai iska daga mita 400 zuwa sama, yana da dalilinsa, kuma irin wannan mutum bindiga mai nauyi yake ɗauka, ya yarda ya sha wahalar dakonta. Kai ba ka kai nan ba. Idan ma .308 ta yi maka ƙarfi a farko, akwai 7mm-08 Remington, akwai 6.5 Creedmoor, akwai tsohuwar .270 Winchester ta 1925. Duk sun isa barewar ƙasar nan, kuma harsashinsu yana kusan kowane kanti.

Maganar da ka yi a ƙarshen saƙo, cewa idan ka gama karatu za ka taho wa Yaya da irinta ya ajiye adakarsa, ka cire ta daga ranka yau. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigogin soja masu faɗin milimita 7.62 da inci .300 da .303 cikin jerin haramtattu, kuma .308 ɗan'uwan 7.62 ɗin soja ne. Da halin da ake ciki na 'yan bindiga, a kama dattijo da irin wannan a ƙauye, babu wanda zai tsaya jin cewa ta harbin gada ce. Kada ma ka sake faɗin irin wannan a waya, kuma ka daina cika shafinka da hotunan bindigogi, domin masu ba da biza suna duba shafukan sada zumunta na ɗalibai.

Idan Allah ya sa bizar ta fito, ka zo ka gama zangon farko da sakamako mai kyau. Bayan nan ka yi kwas ɗin farauta, ka karɓi lasisi, sai in fara kai ka fili da ƙaramar .22 wadda ba ta duka, har hannunka ya zauna. Kakar farko za ka bi ni ne kana ɗaukar jaka da nama. Yanzu ka turo min hoton takardar da makarantar ta aiko, in ga nawa suka rubuta kuɗin shekara, domin Yaya ya ce min zai sayar da shanu biyu, kuma ina jin ba za su isa ba.