Ruwan gora mai nauyi a baki: ya lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ruwan marmaro na gora da muke saya yana da ɗan nauyi a baki, kuma in an tafasa shi sai ya bar fari-fari a gindin buta. Wanda maƙwabtanmu ke sha kuwa lami ne. Namu ya lalace ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, uwargida. Ki kwantar da hankalinki. Ruwan marmaro duwatsu yake ratsawa kafin ya ɓuɓɓugo, yana lasar ma'adanai a hanya, kuma su ne ɗanɗanon da kike ji. Shi kuwa lamin, galibi ruwan burtsatse ne da inji ya tace har ya kwashe kusan komai.

Juya gorar ki karanta takardar da ke jikinta, za ki ga lissafin ma'adanan da ke ciki, miligiram nawa a kowace lita. Misali, ruwan gora mai suna Evian, daga gindin tsaunukan Alps a Faransa, yana da kalsiyam 80, magnisiyam 26, bikabonet 360, shi ya sa yake cika baki. Volvic, shi ma na Faransa, ta duwatsun aman wuta yake bi, kalsiyam ɗinsa wajen 12 kacal, sai ya zo sakayau. Wanda ya taɓa shan Zamzam ya san irin nauyin da muke nufi.

Farin nan na buta kalsiyam ne. Zafi ke sa ya haɗu da kabonet ya kwanta kamar alli, ba ya cutarwa. Matse lemun tsami biyu a ruwa, ki tafasa a butar, ki bar shi rabin awa, ki ɗauraye. Sai dai kada a ɗauki ruwan a matsayin magani: babban mutum na buƙatar kalsiyam wajen miligiram 1,000 a yini, abin da nono da zogale suka fi ruwa bayarwa nesa ba kusa ba.

Jimillar ma'adanan ita ake rubutawa TDS. Hukumar Lafiya ta Duniya na ganin ƙasa da miligiram 600 a lita yana da daɗin sha, in ya haura 1,000 sai ya fara gundura. Sodiyam, wato sinadarin gishiri, in ya kai wajen 200 ake jin zartsi. Mai hawan jini gara ya nemi na ƙasa da 20. Fuloraid kada ya wuce 1.5, don yawansa ke ɓata haƙoran yara da tabo.

Abin da ya fi damun mu shi ne ajiya. Gorar da ta yini a rana a bakin shago robarta kan saki wani ɗan zaƙi-zaƙi a cikin ruwan, wannan ba daga marmaro ya zo ba. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, ki tabbatar zoben murfin bai tsinke ba. In kika ga ya gurɓace, ko ya yi kore-kore, ko kika ji wari, zubar da shi.