Ita ma macen tana da ta cewa

Salamu alaikum. Malam, na saurari tambayarka, wai idan maza biyu suka barbari mace ɗaya, ai wanda maniyyinsa ya fi yawa da gudu shi ne uba, ko? To ni abin da na ji kana tambaya shi ne ko macen tana da ta cewa. Tana da ita, sosai ma.

Wannan zance na gasar maniyyi masanin halittu Geoff Parker ne ya kafa shi a 1970, da ƙudan nan masu taruwa a kan kashin shanu. Ya ga namijin ƙarshe yakan kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwan. Shi ke nan kowa ya kama namiji, namiji, sai ka ce macen randa ce, a zuba a tafi. Abin nan yana ci mini rai har yau. Sai a 1996 wani masanin, William Eberhard, ya yi littafi guda sukutum a kan cewa a dubi macen mana.

Ɗauki ɗan ƙudan nan mai bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace, Drosophila. An gwada, namiji ɗaya ne, a jikin wannan macen ya yi nasara, a jikin waccan ya sha ƙasa. Me ya canja? Abin da macen ta gada a jininta. Daga baya aka sa maniyyin ɗaya yana haske kore, na ɗayan ja, ana kallon su a cikin jikinta. Ashe bayan barbara ta biyu takan fitar da ragowar maniyyin waje, kuma lokacin fitarwar ma a jininta yake. Wadda ta yi sauri, na farko ya tsira da rabonsa. Wadda ta jinkirta, na biyu ya samu sararin ture maniyyin na farko daga ma'ajiyar da ke jikinta.

Kaza fa? Tana ajiye maniyyi mako biyu har uku, kuma an ga takan zubar da na zakaran da ba shi da matsayi a garke. Ɗan ƙaramin kifin nan gofi (guppy) kuwa, ruwan da ke tare da ƙwanta yana rage wa maniyyin ɗan'uwanta gudu, na wanda ba danginta ba ya wuce shi. 

Bari dai in koma kan ƙudan Drosophila, don nan abin yake. Bututun da macen ke ajiya a ciki, in dogo ne, maniyyi mai dogon wutsiya ke cin riba, in gajere ne tsawon bai amfane shi da komai ba. Akwai wani jinsinsu, Drosophila bifurca, maniyyinsa ɗaya ya kai santimita 5.8, ƙudan kansa kuwa 'yan milimita ne. Ka ce gudu? Wannan ina zai yi gudu, Malam? Bututun macen ne ya yi ta tsawo zuriya bayan zuriya, shi kuma dole ya bi.