Tambaya da Amsa: Rahoton Likitan Inshora a Gaban Kotu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena tela ne a Aboabo, nan Kumasi. Motar haya, wato trotro, ta buge shi, hannunsa na dama ya karye. Likitan da ya yi jinyarsa ya rubuta cewa nakasar ta kai kashi 30 cikin ɗari, amma likitan da kamfanin inshora ya tura shi wurinsa ya ce kashi 10 ne, kuma a kan wannan suke so su biya diyya. Ko kotu za ta iya sake duba maganar?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Kotu za ta iya, muddin bai riga ya sa hannu a takardar da ke cewa ya karɓi kuɗi an gama magana ba, domin wannan takarda tana da wuyar warwarewa. Ku hana shi gaggawa, ko da kuɗin magani sun matsa.

A dokar shaida ta Gana ta 1975, likita mai ba da shaida ne a fagen da ya ƙware, alƙali kuma shi ne mai yanke hukunci, ba dole ne ya ɗauki ra'ayin likita ba. Sai dai alƙali ba ya watsar da rahoto don kawai majinyaci bai ji daɗinsa ba. Zai duba ko likitan ya gwada hannun da kansa, ko ya ga hoton ƙashin da bayanan jinya, ko kuma ya bayyana dalilin da ya kai shi ga wannan adadi. Lauyanku yana da damar yi masa tambayoyi a gaban kotu, kuma idan rahotanni biyu suka saɓa, kotu tana iya naɗa nata ƙwararren. A ganina, a nan ne sana'ar ƙanenku take da nauyi, domin hannun da ya kasa riƙe almakashi asararsa ga tela ta wuce abin da lissafin kashi yake nunawa. Ya nemi rahoton likitan ƙashi, kamar na asibitin Komfo Anokye, wanda zai faɗi ƙarara aikin da hannun ba zai ƙara yi ba.

Kafin kotu, kuna iya kai kuka ga hukumar kula da inshora ta ƙasa, wato NIC, kuma idan kuɗin lauya ya gagara, akwai hukumar ba da tallafin shari'a. Ku adana rahoton 'yan sandan kula da zirga-zirgar motoci, wato MTTD, da duk rasitin magani.

Dokar wa'adi ta 1972 ta ba da shekara 3 ne kawai don shigar da ƙarar rauni, saboda haka kada ku bari ciniki da kamfanin ya cinye wa'adin.