Amsa: Kwamfuta na ɗaukewa da kanta

Malam, ka ce kwamfutar shagonka a Gusau takan mutu ɗif ba sallama, musamman in ka ɗora mata aiki mai nauyi, kuma kana zargin akwatin wutar cikinta, wato fawa sufulai. Zarginka na da ƙamshin gaskiya, amma kar ka yi saurin zaro kuɗi.

Fara da zafi tukuna. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, ga bazararmu da ke haura digiri 40. In furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta ɗau zafi fiye da kima, da kanta take kashe na'urar. Buɗe murfin kwamfutar, ka hure ƙurar, ka duba zafin da manhajar HWMonitor.

In nan lafiya lau, sai ka koma kan wuta. Layin 12V na fawa sufulai bai kamata ya sauka ƙasa da 11.4V ba, ka auna da mitar gwajin wuta kwamfutar tana cikin aiki. Ni tawa ta taɓa wahalar da ni haka, ashe janareta ne ke wasa da wuta, sitabilaiza ta raba gardama. Mafi sauƙi dai, ka aro wata fawa sufulai wurin mai gyara ka gwada kwana biyu. Amma don Allah kar ka kwance akwatin wutar nan, kafasitocinsa, wato ma'ajin cajinsa, na riƙe wuta ko an zare filogi.